"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka": shin ta dace da ƙasashen duniya bayan korona?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayinku a kan karin maganar nan, "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka". A ganina ta zauna daram a kan abin da Tarayyar Turai ta yi a watan Yulin 2020, bayan korona ta durƙusar da kasuwanni. Ƙasashe 27 suka amince a ciwo bashin Yuro biliyan 750 da sunan ƙungiyar baki ɗaya, a raba biliyan 390 a matsayin tallafi, 360 kuma rance. Holan da Ostiriya da Suwidin da Denmak sun ja daga da farko, daga bisani suka sa hannu.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam, Malam. Ai daga tsakiya ka ɗauko labarin. A watan Maris na wannan shekarar, asibitocin arewacin Italiya sun cika maƙil, amma Jamus ta hana fitar da takunkumin fuska, Faransa kuma ta riƙe nata. Sai da suka lura kasuwarsu ɗaya ce, yawancinsu kuɗinsu ɗaya, idan Italiya ta faɗi da su za ta tafi. Ni da "so duk so ne, amma son kai ya fi" zan yi amfani.

Hajiya Inna: 'Ya'yana, ku biyun ba ku yi nisa da juna ba. A ƙauye mai ɗaki ne ke yanko ciyawarsa, ya nemo sanduna da igiya, ya ɗaure jinkarsa a ƙasa. Sai ta kammala yake kiran maƙwabta a ɗaga a ɗora kan bango. Wanda ya amsa kiran kuwa ya san gobe shi za a zo wa. Don haka ba a faɗar maganar nan a wurin sadaka, a wurin gayya ake faɗarta, tsakanin mutanen da ke buƙatar juna. Turawa sun duba amfanin kansu, gaskiya ne, amma hakan bai fitar da su daga cikin karin maganar ba.

Ɗalibar Tattali: Allah ya ƙara girma, Hajiya. To a wannan ma'auni, mu 'yan Afirka ba a ɗauke mu maƙwabta ba. A watan Agustan 2021 Asusun Lamuni na Duniya ya raba kuɗin ajiya na dala biliyan 650, amma da yake gwargwadon hannun jarin kowace ƙasa aka bi, Afirka gaba ɗaya kusan biliyan 33 ta samu. Ƙungiyar G20 ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki ta ɗage wa matalautan ƙasashe biyan bashi daga 2020 zuwa ƙarshen 2021, ɗagewa kawai, ba yafiya ba. Zambiya ta gaza biyan bashinta a Nuwamban 2020, sai Yunin 2023 ta daidaita da gwamnatocin da ke binta. Ghana ma ta gaza biyan nata a Disamban 2022.

A fannin masana'antu abin ya fi fitowa fili. Amurka ta ware kimanin dala biliyan 52 a 2022 don a riƙa ƙera 'yan ƙananan kayan cikin kwamfuta da waya a gida, Turai ta biyo baya da tata dokar a 2023. Kowa jawo masana'anta yake yi zuwa ƙofarsa. Wanda ba shi da kuɗin tallafi fa?

Baban Khalifa: Kenan kina ganin kada a faɗe ta a nan?

Ɗalibar Tattali: A faɗe ta, Malam, amma mu faɗa wa kanmu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rigakafi. Da Indiya ta dakatar da fitar da allurai a 2021, shirin COVAX na raba wa ƙasashe allurar korona ya shiga ƙarancin allurai, aka yi ta kukan cewa kashi 99 cikin 100 na alluran da muke amfani da su daga waje suke zuwa. Tarayyar Afirka ta sa burin a riƙa yin kashi 60 a nahiyar kafin 2040. Sai ga kamfanin Aspen na Afirka ta Kudu ya samu lasisin haɗa allurar korona ya sayar da sunansa a 2022, ya zauna wata da watanni ba wanda ya zo saye. An ɗaure jinka, an yi kira, ba a fito ba.

Ɗan Damagaram: 'Yar uwa, a yi wa gwamnatocin adalci. A lokacin alluran kyauta sun yi yawa, wasu har lalacewa suke yi a ajiya. Ministan da asusunsa ya bushe zai bar na kyauta ya sayi na kuɗi?

Hajiya Inna: Shi ya sa ba ƙasa ɗaya za a bar wa ba, ɗana. Ƙasashe su haɗa kuɗi su yi wa masana'antar alkawarin saye na shekaru, su kuma masu ba da kyautar a matsa musu su riƙa sayo wani kaso a nan.

Ɗan Damagaram: Na yarda da batun sayayyar haɗin gwiwa, Hajiya. Amma kasuwar bai ɗaya ta Afirka tun Janairun 2021 aka ce ta buɗe, har yau direban da ya ɗauko kaya daga Maraɗi zuwa Kano ya san shingaye nawa ke jiransa. A fara gyara wannan tukuna.