Wannan aji ne ko garke?

Baban Yara: Salamu alaikum jama'a, yau raina a ɓace yake wlh. Na raka ƙaramar ɗiyata lakwal na tarar da su cikin rumfar zana, a ƙasa, kowa da buhun da ya zo da shi daga gida, allo jingine da icce, iskan hunturu na watso musu rairayi a ido, ta dawo da tari har yanzu ba ta daina ba. Kuma mun biya jika ɗaya ɗaya kuɗin kojes, kwamitin kula da lakwal. Kullum ana yankar tikiti a kasuwa, ana karɓar patanti, harajin 'yan kasuwa, ina kuɗin gari suke shiga? Mun manta gobarar Maraɗi ta 2021 da ta cinye yara fiye da 20 cikin irin wannan rumfar? Wannan ba aji ba ne, garke ne.

Mushe: Garke kuma? Alhaji ka janye kalmar nan. Shekara da shekaru ina tsaye cikin zana ina koyarwa, in aji garke ne to mu makiyaya kenan, yaran kuma awaki.

Baban Yara: Mushe ba da ku nake ba, maganar kuɗin gini nake.

Hajiya ta Zango: To miye aibun makiyayi? Kakana kiwo ya yi, da shi ya je Makka. Ku 'yan boko raina mutane ya yi muku yawa.

Mushe: Hajiya ba raini ba ne, ɗan mutum ba a kiransa dabba, shi kenan.

Ɗan Birni: Ai garke a Hausa taro ne kawai, ana cewa garken mutane.

Mushe: A ina ake cewa? Ban taɓa ji ba.

Ɗan Birni: A unguwar Birni ake cewa, inda aka haifi Hausar Damagaram, ku Zango baƙi ne fatake suka sauke ku.

Hajiya ta Zango: Baƙin ne suka riƙe kasuwar da kuke ci yaro, ka tambayi babanka.

Wata Uwa: Dan Allah ku dawo kan magana. Tun 2016 aka miƙa ma kwaminoni harkar lakwal ɗin firamare, gini da tabur da sauransu, amma an miƙa aiki kuɗin ba su biyo yadda ya kamata ba. Yanzu ma tun Afrilun 2024 an rushe majalisun gari, babu konseye da za ka tara a masallaci ka ce masa yaya zancen ajinmu. Ni ruwa ma ya fi damuna, ɗana da bido yake tafiya, in ya ƙare sai ya gudo gida kafin a tashi.

Ɗan Birni: Konseyen da suna nan me suka gina? Kin fara siyasa.

Wata Uwa: Ni ba ni da jam'iyya ƙanena.

Hajiya ta Zango: Ni dai sai ya janye baƙi.

Admin: To jama'a dare ya yi, ga abin da na fahimta. Alhaji ya yi kuskure da ya ce garke, mushe yana da gaskiya, malaman nan musamman 'yan kwantiragi su ke shan ƙura da yaranmu, ni ƙanwata tana cikinsu na san muryarta yadda take dawowa a dushe. Alhaji ka ba su haƙuri. Zancen Birni da Zango kuma duk wanda ya sake tado shi zan fidda shi.

Baban Yara: To ajin fa?