Sabuwar sigar Windows ta fito: a ɗora yanzu ko a dakata?

Hajiya Mai Firinta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwamfutoci huɗu ne a shagon buga takardu a Agege, biyu kan Windows 11 24H2, biyu kan Windows 10. Na 11 ɗin sun fara nuna tayin ɗora sabuwar sigar shekara, 25H2. A danna ko a bari? Su kuma na 10 yaya za a yi da su, tunda ana ta maganar 14 ga Oktoban 2025, ranar daina gyaran tsaron Windows 10?

Ɗan Otigba: Wa'alaikumus salam Hajiya. Tambaya biyu ce kika haɗa, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Daga 24H2 zuwa 25H2 ƙaramin abu ne. Gindinsu ɗaya, wani ɗan fayil ne kawai yake kunna abin da ya riga ya shiga ta sabuntawar wata-wata, kwamfuta ta sake tashi sau ɗaya shi ke nan. Daga 10 zuwa 11 kuwa ƙaura ce sukutum.

Baban Walida: Kwamfutar da ake cin abinci da ita ba a gwaji a kanta. A bari.

Injiniya Idi-Araba: Bari in ɗan tsawaita, don "a bari" kaɗai ba ta wadatar ba.

Dalilin da ya sa masu gyara ke gudun makon farko sananne ne. A Oktoban 2018 sigar 1809 ta Windows 10 ta goge wa wasu mutane fayilolinsu na cikin Documents, har Microsoft ta janye ta. Da 24H2 ta fito ranar 1 ga Oktoba 2024, wasu SSD na Western Digital irin SN770 da SN580 suka riƙa sa kwamfuta tsayawa cak da shuɗin allo sai da aka sabunta manhajar cikin SSD ɗin. Irin wannan ba ya bayyana sai abu ya shiga miliyoyin na'urori masu kayan ciki daban-daban.

Shi ya sa Microsoft ke riƙe sabuwar siga, ta hana ta isa ga kwamfutar da aka gano tana da direban da ke rikici da ita. In Windows Update bai kawo miki da kansa ba, kar a je a sauko da ISO, wato fayil ɗin ɗora Windows, a tura da ƙarfi. A nan mutane suke jawo wa kansu.

A shagon buga takardu abu uku ne suka fi lalacewa bayan ƙaura:

Na farko firinta da sikana. Tsofaffin direbobi, musamman na ƙananan firintocin leza da suka shekara goma, wani lokaci ba sa tsallakewa. Kafin komai a shiga shafin kamfanin firintar a ga ko akwai direban Windows 11 mai 64-bit, a sauke shi a ajiye a filas. Kuma akwai wani maɓalli a 24H2 mai suna Windows protected print mode. A kashe yake zuwa, to a bar shi a kashe. In aka kunna shi yana cire direbobin kamfanoni gaba ɗaya.

Na biyu babban fayil ɗin da kwamfutocin shago ke rabawa ta hanyar sadarwa ɗaya. Tun daga 24H2 an tsaurara SMB, wato tsarin raba fayiloli tsakanin kwamfutoci: ana buƙatar sa hannu a kan haɗin, kuma a sigar Pro an rufe shiga a matsayin baƙo ba kalmar sirri. Sai ka ga jiya ana buɗe fayil daga ɗaya kwamfutar, yau an ce babu hanya. Gyaran da ya dace shi ne a buɗe asusu mai suna da kalmar sirri a kwamfutar da ke riƙe da fayilolin, sauran su shiga da shi. Ba wai a koma a kashe tsaron ba.

Na uku, kuma shi ne mai sa kuka, BitLocker, makullin faifan ajiya na Windows. In aka yi sabon ɗori na 24H2 aka shiga da asusun Microsoft, yawanci yana kulle faifan ajiya da kansa, har a sigar Home. Ba za ki lura ba sai ranar da aka taɓa BIOS ko aka canja madabod (babban allon cikin kwamfuta), allo ya nemi lambar buɗewa mai alƙaluma 48. In asusun na yaron shago ne da ya bar aiki, ko na mai gyaran da ya ɗora miki, an shiga uku. A buɗe Command Prompt a matsayin admin a rubuta manage-bde -status. In a kulle yake, a rubuta manage-bde -protectors -get C: a kwafe lambar a takarda, a sa a durowa.

Oga Sani Alaba: Injiniya wannan ai lacca ce, sai mun biya kuɗin makaranta 😂

Injiniya Idi-Araba: Shayi kauri da biredi ya isa.

Hajiya Mai Firinta: Allah ya saka da alheri Injiniya. To na 10 ɗin fa? Duk tokumbo ne, HP.

Ɗan Otigba: Hajiya a fara duba furosesa. Danna maɓallin Windows da R, a rubuta msinfo32. In lambar ta fara da 8 ko sama, kamar i5-8250U, ta cancanta. In i5-6300U ce ko i5-7300U, ba ta cikin jerin. EliteBook 840 G3 da G4 duk sun faɗi a nan. G5 ma a duba da kyau, akwai masu ƙarni na 7 a cikinsu, kar a yarda da sitikar da ke jiki. Sai TPM 2.0, na'urar tsaron da Windows 11 ke buƙata: a rubuta tpm.msc. Sau da yawa yana nan, a BIOS ne aka kashe shi. A Intel sunansa PTT, a AMD fTPM. A msinfo32 ɗin kuma a duba BIOS Mode. In ya ce Legacy, sai an juya faifan daga MBR zuwa GPT da mbr2gpt sannan a koma UEFI.

A takarda RAM 4GB da wuri 64GB sun isa. A aikace, 4GB da CorelDRAW da Chrome a buɗe azaba ce. 8GB da SSD shi ne mafi ƙaranci.

Oga Sani Alaba: Ko a yi amfani da Rufus, manhajar haɗa filas ɗin ɗora Windows, a cire binciken TPM ɗin. Minti ashirin an gama.

Ɗan Otigba: Yana shiga, ba musu. Amma sabuwar sigar shekara ba za ta zo da kanta ba, duk shekara sai an sake yi da hannu, kuma Microsoft ta faɗa ƙarara ba ta yi alkawarin sabuntawa ga irin waɗannan ba. Sannan in kwamfutar ta tsufa ainun kamar Core 2 Duo, 24H2 ba ta ma tashi a kanta, don tana buƙatar SSE4.2. Rufus ba ya maganin wannan.

Oga Sani Alaba: Ku mutanen Ikeja so kuke kowa ya zo ya sayi sabuwa.

Ɗan Otigba: Ku kuma na Alaba ku ɗora ku karɓi kuɗi, bayan wata shida a zo mana da ita.

Shugaban Zaure: Oga Sani, Ɗan Otigba, a bar faɗan kasuwa don Allah.

Malam Mai Linux: A sa wa tsofaffin Linux Mint a huta. Mu ma dai muna da tsarin jira: Ubuntu LTS, sigar Linux mai dogon goyon baya, tana fita a Afrilu duk shekara biyu, amma ba a yi wa masu tsohuwar LTS tayin ƙaura sai ta .1 ta fito. 24.04.1 sai ƙarshen Agustan 2024 ta zo.

Baban Walida: Malam, CorelDRAW za ta buɗe da Mint ɗin? Kwastoma ya zo da katin biki.

Malam Mai Linux: Akwai Inkscape.

Baban Walida: Allah ya ba da haƙuri.

Anti Zee: Ranar 14 ga Oktoba 2025 ba mutuwa kwamfutar za ta yi ba fa Hajiya. Za ta tashi ta yi aiki kamar kullum, gyaran tsaro na wata-wata ne zai tsaya. Akwai ESU, shirin Microsoft na tsawaita gyaran tsaro, da ke ƙara shekara guda zuwa 13 ga Oktoba 2026. Dole ta kasance kan 22H2 kuma a shiga da asusun Microsoft. Ga na gida dala 30 ne, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta in aka kunna ajiyar saituna a asusun. Na kamfanoni tsarinsa daban ne kuma ya fi tsada. A shagon da kowa ke zuwa da filas ɗinsa yana sokawa, zama ba gyaran tsaro ya fi sabuwar siga haɗari.

Injiniya Idi-Araba: Gaskiyar Anti. Jinkirta sigar shekara daban, ƙin karɓar gyaran ranar Talata ta biyu a wata daban. Mutane suna haɗa su su kashe duka. Dakatarwar da ke cikin Settings ma mako biyar ne iyakarta.

In za a yi ƙaurar, a fara da kwamfuta ɗaya, wadda ba ita ke riƙe da firinta ba. A ɗauki hoton faifan gaba ɗaya zuwa faifan waje da Clonezilla ko makamancinsa, ba kwafe Documents kaɗai ba. A bar aƙalla 30GB fili a C. A cire duk abin da ke USB ban da linzami da madannai. Bayan an gama, kwana 10 ne kawai ake da shi na komawa baya, daga nan Windows.old, inda tsohuwar sigar ke ajiye, ta tafi. Ana iya tsawaita shi zuwa 60 da DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60, amma a yi tun kafin kwana goman su cika. Kuma kar yaro ya yi Disk Cleanup ya share ta don neman wuri.

Ɗan Mile 12: Ba wanda ya ambaci wuta. A ɗauke wuta ana kashi 60 na ɗorin, shi ya fi duk abin da kuka lissafa. In babu UPS mai batir na gaske, a tayar da janareta tun daga farko, kar a tsaya canja layi a tsakiya. Laftof mai mataccen batir ma hukuncinsa ɗaya.

Anti Zee: Da data. Ga na 10 ɗin da suka cancanci ƙaura, ISO ɗin ya haura 5GB. A sauke sau ɗaya a sa a filas mai 8GB ko 16GB, a buɗe setup.exe daga cikin Windows. A tabbata harshen ya dace da wanda ke kan kwamfutar. In tana kan Ingilishin Amurka aka sauko da English International, zaɓin riƙe manhajoji ba zai dannu ba.

Ƙaramin Alhaji: Yayyena iPhone fa? Ita ma a jira?

Ɗan Otigba: Ta ma fi, ƙanena. Apple na rufe ƙofar komawa tsohuwar siga ba da daɗewa ba bayan sabuwa ta fito. In manhajar bankinka ta fara gardama, sai dai ka jira su gyara.

Baban Walida: Na ce dai a bari.

Injiniya Idi-Araba: 24H2 na da goyon baya har Oktoban 2026, don haka jiran wata biyu ba zai cutar da na 11 ɗin ba. Na 10 ne ba sa jira.

Hajiya Mai Firinta: Yaro ya duba. Ɗaya i5-8350U, ɗaya i5-6300U.

Ɗan Otigba: Ta farkon ta koma 11, ta biyun ESU. RAM nawa ke cikin ta farkon?

Oga Sani Alaba: In 4GB ce akwai DDR4 na laftof a ƙasa, Hajiya.

Shugaban Zaure: Oga Sani, talla sai ranar Juma'a.