Neman shawara: laftof ɗina yana sarƙewa idan na kunna gem

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da laftof na hannu mai Core i5-8250U, RAM 8GB, grafik ɗinsa Intel UHD 620. Rubutu da kallo lafiya lau, amma da na kunna GTA V sai hoton ya riƙa tsinkewa, fanka tana ta kuka. An ce in je a sa min katin grafik, wani kuma ya ce in ƙara VRAM, wato ma'adanar da grafik ke aiki da ita. Ba ni da kuɗin sabuwar kwamfuta yanzu. Me ya kamata in yi?

Wani ɗan uwa: Wa alaikumus salam. Akwai dabarar da ake yi a Registry, rumbun saitin Windows, ka mayar da VRAM ɗinka 512MB. Gwada.

Mai gyaran kwamfuta daga Kano: Malam, bar wannan dabarar. Lambar da gem ke gani kawai take canzawa, ƙarfin yana nan yadda yake. Amfaninta ɗaya, idan gem ya ƙi buɗewa sam saboda ya ga VRAM kaɗan.

Maganar sa kati ma ka manta da ita. UHD 620 a cikin furosesa yake, furosesar kuma an like ta da bod, babban allon cikin laftof, babu gurbin da za a soka wani. Ba shi da ma'adana tasa ta kansa, RAM ɗin kwamfutar yake ara, kuma Windows da kanta take ba shi har kusan rabin abin da kake da shi idan ya buƙata. Saboda haka saurin RAM ɗinka shi ne saurinsa.

To ga abin da nake so ka duba. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, sannan Memory, ka kalli ƙasa inda aka rubuta Slots used. Idan ka ga 1 of 2, RAM guda ɗaya ne a ciki, hanya ɗaya bayanai ke bi. Ka sa na biyu, hanyar ta zama biyu, kamar titin da aka mayar tagwaye. A irin wannan grafik ɗin babu gyaran da ya kai wannan tasiri. Nemi DDR4 na laftof, 8GB, mai gudun 2400, ya dace da na ciki. Ka tafi da laftof ɗin kasuwar Farm Center a Kano ko inda ya fi maka kusa, a sa a gabanka, ka ga 2 of 2 kafin ka biya.

Mai tambaya: Na duba yanzu, 1 of 2 ne. Allah Ya saka da alheri, yallabai. To kukan fankar fa?

Mai gyaran kwamfuta daga Kano: Amin. Zafi ne. Wannan furosesar wat 15 aka ƙayyade mata, ita da grafik suke raba shi, kuma da ta ɗau zafi sai ta rage gudu don kada ta lalace. Duk laftof ɗin da ya ga hunturu biyu a garin nan, ka buɗe za ka tarar ƙura ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da ƙarafan da iska ke fita. A share, a goge tsohon man furosesa da ya bushe, wanda ke taimaka mata fitar da zafi, a sa sabo. Kuma don Allah a daina ɗora shi a kan katifa ko filo.

Wata 'yar uwa mai haɗa bidiyo: Ƙari a kan maganar malam, kada ka yi gem a kan batir. Jona caja, ka sa Power mode a Best performance. A cikin gem ɗin sauko da hoto zuwa 1280x720, ka rage inuwa, ka kashe MSAA, saitin da ke gyara gefen hoto ya yi sumul. 720p bai kai rabin ɗigon hoton da 1080p ke buƙata ba, nan take za ka ji bambanci. Ka rufe Chrome kafin ka fara, yana cin RAM sosai.

Wani ɗan uwa: SSD fa? Ni da na sa, kwamfutata ta zama sabuwa.

Wata 'yar uwa mai haɗa bidiyo: SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri, na sa Windows da gem su buɗe da wuri, amma ba shi ke zana hoto ba. Idan kuɗin abu ɗaya gare shi, RAM zai fara saya.

Wani ɗalibin injiniya: Ka sabunta draiba ma, wato manhajar da ke tafiyar da grafik ɗin, daga shafin kamfanin laftof ɗinka ko na Intel, ba daga manhajojin nan masu alƙawarin gyara komai da dannawa ɗaya ba. Akwai kuma akwatin grafik na waje da ake jonawa ta Thunderbolt 3 idan kana da ramin, sai dai kuɗin akwatin da katin yakan fi na laftof ɗin kansa. Kuma ka sani, ko bayan duk wannan, GTA V zai tafi ne a 720p da ƙananan saiti. Sababbin manyan gem ba hurumin UHD 620 ba ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ranar Asabar in sha Allah zan kai a sa RAM ɗin a kuma share fankar.