Sanyina na farko a Winnipeg, me ya rage ban tanada ba?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Watan Yuni na biyo maigida Kanada da yara biyu. Da ma ban so zuwa ba, Umma ce ta matsa, wai shekara uku yana zaune shi kaɗai ya isa haka. Yanzu ga Oktoba, kowa sai tsorata ni yake, wai a Janairu sanyi kan kai 30 ƙasa da sifili. Shi aikin dare yake, ni ba na tuƙi. Na sayi shinkafa buhu biyu, doya, dankali, albasa da manja, na jibge a baranda don kicin ɗin kamar akurki. Tagar ɗakin yara kuma jiya na kara hannu, sai ka ce bakin firij.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Shekarata 14 a garin nan, 'yata ki ji magana. Yau ki kwashe doya da dankalin nan. In suka daskare suka narke, laɓe-laɓe za su yi, sai shara. Ki sayi firiza, ki markaɗa tumatir da tattasai, ki ƙulla daidai miyar kwana ɗaya ɗaya. Taga kuwa akwai ledar da ake mannawa, a bi ta da abin busar gashi ta ɗame.

Maman Ilham: Hajiya ai na lulluɓe su da bargo biyu.

Hajiya Babba: Bargo jikin mutum yake ɗumamawa, doya ba ta da jini.

Baban Khalil: Ni ban ga amfanin wannan jibgi ba, kantuna ba sa rufewa don ƙanƙara. Tanadin kwana uku gwamnati ke cewa: ruwa, tocila, abincin gwangwani. Mota ce bala'i. Bara na manta ban jona mata wutar da ke ɗumama inji da dare ba, da asuba ko tari ba ta yi ba, aka yanke min kuɗin yini.

Ummu Sadiq: Ku kuna ta doya. Ni kilishin da yayata ta yo min aka ƙwace a filin jirgi, har yau abin na ci min rai. Kuka da busasshiyar kuɓewa dai ki nema, ba ruwansu da sanyi.

Maman Ilham: Ina da su. In wuta ta ɗauke ma ina da kaskon turare da gawayi, sai mu ji ɗumi.

Hajiya Babba: Innalillahi! Gawayi a rufaffen ɗaki? Iskar da yake fitarwa ba wari ba launi, barci za ku yi ba ku tashi ba. Ki duba ko gidan na da na'urar da ke ƙara in ta ji ta.

Maman Ilham: Haba Hajiya, a Katsina haka muke duk hunturu, ba abin da ya same mu. Ba kullum zan kunna ba. Firizar kuma ina zan ajiye ta? Manjan fa, shi ma sai na shigo da shi?