Dan Allah ya ake pudin ɗin cakulan ba tare da madarar shanu ba?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum matan gida, dan Allah taimako nake nema. Yarona shekararsa 4, likita ya ce a dakatar masa da madarar shanu da duk abin da aka yi da ita, sbd in ya sha jikinsa yana fita ƙuraje ga amai. To shi kuma duk duniya babu abin da yake so irin pudin ɗin cakulan ɗin nan na roba da yayyensa ke sha, kullum sai an yi rigima. Akwai wadda ta iya haɗa shi a gida ba madara? Kuma zan iya sa Milo a madadin garin koko tunda shi nake da shi? Ngd.

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam Maman Hanif, Allah ya ba shi lafiya. Tun kafin a je ko ina ki ajiye Milo ɗin nan gefe, akwai garin madara a cikinsa, haka Ovaltine, kusan duk irin waɗannan na shayi ki ɗauka da madara sai in kin karanta bayan gwangwanin kin ga babu. Garin koko zalla za ki nema, wanda ba suga ba komai, mai ɗaci ɗin nan da masu kek suke amfani da shi, shagon kayan kek za ki samu har awo suna yi.

Kaurin pudin ba daga madara yake zuwa ba, daga sitaci yake, shi ya sa duk madarar da kika sa zai kama. Ni da ta kwakwa nake yi. Kofi 2 na madarar kwakwa wato wajen rabin lita, in ta gwangwani ce mai 400ml ki ƙara ruwa kaɗan ya cike, kwanfulawa wato sitacin masara cokali 3 babba, garin koko cokali 3, suga cokali 4 ko 5 yadda bakinku yake, gishiri ɗan mitsitsi, sai fileba ta banila in kina so. Zai ishi mutum 4 a ƙananan kofuna.

Ki zuba busassun duka a tukunya tun ba ki kunna wuta ba, ki tankaɗe kokon don yana da gudaji, ki zuba madarar kaɗan mai sanyi ki dama har ya zama sumul sannan ki juye sauran. Wuta kaɗan, kina juyawa kar ki bar wajen ko waya aka kira ki, da farko za ki ga kamar ba abin da yake faruwa sai can ki ji ludayin ya fara nauyi. In ya fara ɓul-ɓul kar ki sauke nan take, ki ba shi minti 1 zuwa 2 kina juyawa, in ba haka ba za ki ji ɗanɗanon ɗanyen gari a harshe kuma ba zai kama sosai ba. Kamar talgen tuwo ne dai, wanda bai nuna ba ba ya ɓoyuwa. Ki sauke ki sa banilar, ki juye a kofuna, ki shimfiɗa leda mai tsafta ta taɓa samansa don kar ya yi fata, firji awa 2 zuwa 3.

Anti Bilki Kaduna:
Ummu Sadiq ta gama magana, amma ni kwakwa tana min yawa a ciki, ƙamshinta yana danne na cakulan ɗin, kuma ta gwangwani yanzu tsada ba a magana. Ki gwada da madarar aya. Ki jiƙa aya ta kwana ki markaɗa ki tace da ƙyalle mai laushi, kar ki sa mata citta da kanumfari irin na kunun aya, dabino kawai in kina so sai ki rage suga. Abu ɗaya, aya tana da nata sitacin, da ta ji wuta da kanta take fara kauri, so ki mayar da kwanfulawar cokali 2 in ba haka ba ki samu abin yanka da wuƙa. Kuma ranar da kika tace ranar za ki dafa, kin san aya ba ta da haƙuri, da zafin nan kafin la'asar ta yi tsami.

Hajiya Zainab:
Maman Hanif ni tambaya zan miki, likitan cewa ya yi jikin yaron ne ba ya karɓar madara gaba ɗaya, ko sukarin cikinta ne cikinsa ba ya iya narkarwa? Don abu biyu ne mutane suna haɗa su. Na biyun shi ne wanda manya da yawa a cikinmu ke da shi, mutum ya sha madara cikinsa ya kumbura ya yi ta ƙugi ko zawo, irin su sau da yawa suna shan kindirmo ko yogot kaɗan lafiya lau tunda tsamin ya cinye wani ɓangare na sukarin. Amma ƙuraje da amai da kika faɗa ya fi kama da na farkon, wato furotin ɗin madarar ne jikinsa yake faɗa da shi, a nan ko kaɗan ba a wasa da shi, kuma madarar da aka rubuta an cire mata lactose, wato sukarin nan, ba ta da amfani a gare shi, haka nonon akuya, kar wata ta ce miki ki gwada, furotin ɗinsu kusan iri ɗaya ne.

Sai ki koyi karanta bayan kwali. In kin ga milk solids, whey, casein ko caseinate, duk madara ce. Garin nan fari da ake sa wa shayi a ce ba madara ba ne, da yawansu akwai caseinate a ciki. Bota ta shafa burodi ma wasu da madara, man shanu kuwa ba sai an faɗa ba. Cakulan baƙi na sanda da wasu ke jefawa a pudin don ya ƙara daɗi shi ma ki duba, ba duka ne babu ba. Cocoa butter kam ba komai, man ƙwayar koko ne ba ruwansa da saniya. Waken suya kuma ki tambayi likitan tukunna, wasu yaran masu wannan matsalar shi ma yana taɓa su.

Maman Hanif:
Hajiya na farkon ne, haka ya ce, har tukunya da cokali ya ce a ware masa. Wlh ban san da zancen garin shayin nan ba, Allah ya saka. Kwakwa yana ci ba matsala, aya ma haka. To kastad fa, zan iya sa shi maimakon kwanfulawa? Sannan mu unguwarmu wuta sai a hankali, firjin kusan kabad ya zama.

Ummu Sadiq:
Kastad ɗin gargajiya sitacin masara ne da kala da ƙamshi, zai yi, awo ɗaya. Amma akwai waɗanda aka haɗa da madara da suga a ciki musamman na sacet, shi ma dai karatun bayan ne. Ko gasarar kunu kika samu mara tsami mara kayan yaji tana yi, sai dai ɗanɗanon zai tafi wajen kunu. Zancen wuta kuma ba dole sai ya yi sanyi ba, da ɗuminsa ma ana sha, ki yi rabin awon nan daidai wanda zai shanye a ranar, in kina so ya kama ki dasa kofunan a roba mai ruwan randa ko ki sai ƙanƙara. In akwai firji yana kwana 3. Firiza ce ban ba ki shawara ba, in ya narke ruwa yake tsattsafowa ya rabu biyu.

Rabi Kumasi:
Salam 'yan uwa, mu nan Gana garin koko ba wahala, na kamfanin birnin Tema masu tambarin Golden Tree akwai zalla, in kina da mai zuwa ki ba da saƙo, amma ki ce garin zalla don cakulan ɗinsu da aka fi sani na madara ne. Ga wanda ba wuta ba tukunya: piya 1 babba da ta nuna luguf, ayaba 1, koko cokali 2, dabino 4 da aka jiƙa aka cire ƙwallo, madarar kwakwa kaɗan, a bilenda har ya yi laushi. Yara ba sa gane akwai piya sai in sun ga ɓawon a shara. Piyar kar ta zama mai zare ko mai baƙi a ciki, ɗaci take yi. Wannan a take ake shanyewa ba ya son ajiya.

Anti Bilki Kaduna:
Na manta, wanda aka dafa da sitaci kar ki bar yaro ya lashi cokali ya mayar cikin babban kwano, yawu yana tsinka sitaci, ki dawo anjima ki tarar ya zama ruwa ki ce girkin ne bai yi ba. Zuma ɗanya ma tana iya yin haka in aka gauraya aka ajiye, in za ki sa to a sama lokacin sha. Shi ya sa kowa da kofinsa ya fi.

Maman Hanif:
Na gode sosai Anti, Allah ya bar zumunci. Da na kwakwa zan fara gobe in sha Allah, ɗanyar kwakwa nake da ita guda 2, in na goge na tace da ruwan ɗumi ya isa ko sai ta gwangwani?

Ummu Sadiq:
Ya isa, guda 1 ma za ta ba ki kofi 2. Tatsar farko mai kaurin za ki ɗauka, kar ki cika mata ruwa, ta biyun ki ajiye ki dafa shinkafa da ita.