Neman shawara: dutsen jed ya ƙi yin sheƙi bayan guga

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a sha'awar goge duwatsu masu daraja da su taimaka mini, domin wata matsala ta tsaya mini a rai.

Na ɗan jima ina goge aƙiƙ, kuma garin siriyam oksayid (sinadarin da ake fito da sheƙin dutse da shi) a kan fata yana fito mini da shi tas. Da na koma kan jed (wani dutse mai daraja, galibi kore), nau'in nefrit wanda taurinsa yake tsakanin 6 da 6.5 a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, sai abin ya gagare ni. Na bi samfefa ta ruwa daki-daki, daga lamba 220 zuwa 600 har 1200 (wato daga mai kaushi zuwa mai laushi), amma da zarar na ɗora dutsen kan fata, sai fuskarsa ta yi gurzi-gurzi kamar ɓawon lemo, wanda ba a gani sosai sai an karkata shi ga hasken fitila. Na fahimci cewa nefrit saƙaƙƙun zaruruwa ne, shi ya sa wani sashe yake cinyewa kafin wani, sai dai sau uku ina komawa baya ina sakewa, kuma dutsen yana ta ƙanƙancewa a hannuna, abin da yake damuna ƙwarai saboda kyan korensa.

Shin in koma ga garin kuromiyam oksayid (wani sinadarin fito da sheƙi) ne, ko garin daimon mai lamba 14,000 a kan faifan katako ya fi? Kuma gugar ƙarshe da tsohuwar samfefa a bushe ba za ta tsaga dutsen ba saboda zafi?