Jerin zaɓi na rufewa da kansa alhali kibiya tana ciki

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum. A shafin yanar gizon da nake ginawa, ina da `div` (akwatin da ke riƙe wasu abubuwa) mai ɗauke da jerin zaɓi, a cikinsa akwai `ul` (jerin kansa) da `li` (layukan jerin) biyar. Na sa `mouseover` (hawan kibiya kan abu) ya buɗe jerin, `mouseout` (barin kibiya daga abu) ya rufe shi. Da zarar kibiyar maus ta sauka kan wani `li`, sai jerin ya rufe ya sake buɗewa, yana ta ƙiftawa kamar ƙwan lantarki mai shirin mutuwa. Kuma kibiyar ba ta bar `div` ɗin ba. Don Allah ina gyaran yake?

Mai_Saƙar_Shafi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Burauza ba ta yi laifi ba. `mouseout` yana tashi duk lokacin da kibiya ta bar abu ta hau wani, ko da na biyun a cikin na farkon yake. Ga shi kuma yana haurawa sama: daga `li` zuwa `ul`, har ya kai `div`. Ka ga ke nan `div` ɗinka yana jin motsin duk abin da ke cikinsa.

Koma kan `mouseenter` da `mouseleave`. Su ba sa haurawa, kuma ba sa ɗaukar shiga ciki a matsayin fita. Internet Explorer ne ya fara zuwa da su, Chrome bai karɓe su ba sai a 2013, shi ya sa tsofaffin darussa suka cika da dabarun da yanzu ba a buƙata.

Uwar_Kod:
Gaskiya ne Malam. Sai dai in layuka ne masu yawa, kana son mai sauraro ɗaya (kod ɗin da ke jiran motsin kibiya) a sama ya kula da su, dole ka zauna kan `mouseout`. Nan sai ka duba `event.relatedTarget`, wato inda kibiyar ta nufa:

`if (div.contains(e.relatedTarget)) return;`

Kuma ina roƙonka, kada ka bi `li` ɗaya-ɗaya kana sa `stopPropagation()`, mai hana haurawa sama. Ba zai hana `div` fitar da nasa ba, kuma zai toshe kunnen duk wani mai sauraro da ke sama.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai, ƙiftawar ta daina. Saura abu ɗaya: in na sauko daga maɓallin buɗe jerin zuwa jerin a hankali, yana rufewa kafin in kai.

Mai_Saƙar_Shafi:
Akwai giɓi tsakaninsu ke nan, mai yiwuwa `margin` ka sa, wato tazarar da ke wajen abu. Kibiya ba ta ɗaukar `margin` a matsayin jikin abu. Mayar da shi `padding`, tazarar da ke cikin abu. Ka kuma sa dannawa ta riƙa buɗe jerin, domin masu waya ba su da kibiya.